Injin esfireso ɗan gwanjo: kumfa na fita amma gahawar salam, ina matsalar take?

Ɗan_Ringim:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Don Allah masu sanin harkar gahawa ku taimaka min da shawara.

Ni ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibitin ƙauye tsakanin Ringim da Taura, aikin dare yasa na saba da gahawa tun da daɗewa amma irin ta gwangwani ce da ake kaɗawa a ruwan zafi. Da aka tura mu wani taron bita Abuja na sha esfireso a otal ɗin da aka sauke mu, ɗan mitsitsin kofi ne bai fi kurɓa uku ba amma wlh ƙamshin da kaurin sun tsaya min a rai, na yi ta zancensa har yayana da ke da shago a Sabon Gari a Kano ya ci karo da injin a cikin kayan gwanjo ya sayo min, Allah ya saka masa da alheri.

Injin ƙarami ne mai famfo, a ƙasansa an rubuta 1100W da 220-240V, a gabansa kuma 15 bar, wato ma'aunin matsin ruwa. Ya zo da ludayin nan mai hannu da ake murɗawa a jikinsa, da ɗan kwandon ƙarfe a ciki, da cokalin roba mai faffaɗan gindi na danna gari.

Toh matsalar ita ce in na kunna, kafin sakan 10 kofi ya cika, kumfa fal a sama abin sha'awa, amma kana kurɓa sai kaji salam, ga wani tsami-tsami, babu kauri kuma ko zafin kirki babu. Wani lokacin kuma musamman bayan magariba famfon sai ya riƙa gurnani ƙasa-ƙasa ruwan na ɗiga da ƙyar. Garin da nake sawa niƙaƙƙe ne na fakiti daga wani babban kanti a Kano, ruwa kuma na burtsatsen unguwarmu.

Shin injin ne ya gaji, ko 15 bar ɗin ne bai isa ba sai mai 20? Wani abokin aikina yace in gwada zuba Nescafé a kwandon, ban dai gwada ba tukuna. Sannan ƙaramin janareton gidanmu zai iya ɗaukarsa?

Abba_Wudil:

Wa alaikumussalam Malam. Ni dai shawarata a ƙauye ka nemi tukunyar moka, butar nan ta alminiyam mai kusurwa takwas da ake warewa gida biyu, wadda Bialetti ya fito da ita a Italiya a 1933. Ba ruwanta da wutar lantarki, kan gas ko gawayi kake ɗora ta, ba famfo ba waya ba abin da zai lalace sai robar tsakiya. Gsky ba esfireso ba ce cikakkiya don matsinta bai wuce bar 1 zuwa 2 ba amma tana fita da ƙarfi sosai, ni ita nake sha kullum kafin na tafi gona.

Sale_Bichi:

Malam Ɗan Ringim sannu da aiki, Allah ya ba da lada. Na yi shekaru ina haɗa gahawa a wani otal kafin na dawo gida na kama noma, kuma daga yadda ka bayyana inaga injinka lafiyarsa ƙalau, kar ka bari wani ya sa ka sayar. Maganar Abba gaskiya ce moka tana da sauƙi, amma tunda inji ya riga ya zo hannu sai a gyara masa zama.

Fara cire maganar 15 da 20 daga ranka. Lambar nan iyakar ƙarfin famfon ce in an toshe masa hanya gaba ɗaya, masu sayarwa ne ke son rubuta ta da manyan baƙi. Esfireso bar 9 ko kusa da haka yake so, tun injin Faema E61 da ya fito a Italiya a 1961 a kan haka manyan injina ke aiki. Kuma abin da mutane da yawa ba su gane ba shine famfo shi kaɗai baya kawo matsi, garin da ke cikin kwando ne ke tare ruwan har matsin ya taru. In garin ya yi gautsi ko ya tsufa ruwa wucewa kawai zai yi ta tsakaninsa bai ɗebo komai ba, shine kake ganin sakan 10 kofi ya cika. Tsamin da kake ji kuma daga nan yake, don tsami ne ke fara narkewa a ruwa, zaƙi da kauri sai daga baya suke biyowa, kai kuma ruwanka ya wuce kafin a kai gare su.

Yanzu ciro kwandon ka juya bayansa ka ɗaga shi saitin rana. In kaga ƙofa ɗaya tal ƴar ƙarama kamar ta allura a tsakiya, toh mai bango biyu ne, shi ake sawa a yawancin injina masu araha. An yi shi ne don wanda ke sayen niƙaƙƙen gari, ƙofar nan ɗaya ce ke tare ruwan a madadin garin, tana feso shi da ƙarfi ya gauraya da iska ya yi kumfa ko da garin ya shekara a kanti. Kaga kenan kumfar da kake gani ba shaida ba ce. Kumfar asali daga iskar da ke cikin sabon suya take fitowa, launinta ja-ja ne mai duhu, lukwi take ba manyan ƙwayaye, kuma tana ɗan jimawa a saman kofi. Kwando na sosai bayansa duk ƙananan huji ne birjik, haske na ratsa shi ko'ina.

Ga lissafin da muke bi. Ƙananan injina irin naka yawanci bakin kwandonsu milimita 51 ne, na mutum biyu yana cin gari kamar giram 14, manyan na kanti masu 58 su ke cin 18 zuwa 20. Abin da zai zubo a kofi ninki biyu na garin ne, wato giram 28 zuwa 30, cikin sakan 25 zuwa 30. Shikenan fa, ba a cika kofi. Ka nemi ƙaramin sikelin nan na batir irin na masu sayen gwal, ka auna gari, ka ɗora kofi a kai ka auna abin da ya zubo, agogon wayarka ya riƙe maka lokaci. In ya zubo da sauri kuma da tsami ka ƙara laushin niƙa, in yana ɗiga da ƙyar ya haura sakan 40 ga ɗaci mai kama maƙogwaro ka rage laushin. Abu ɗaya zaka riƙa canzawa a kowane haɗi, in ka canza niƙa da yawan gari lokaci guda baza ka san wanne ya yi aikin ba.

Wannan ya kawo mu kan abin da ya fi komai, wato maniƙa. Ni da za a ce in zaɓa tsakanin inji mai tsada da garin fakiti, ko injinka ɗan gwanjo da maniƙa mai kyau, wlh na biyun zan ɗauka ba tare da tunani ba. Gahawa da zarar an niƙa ta ƙamshinta ya fara gudu, cikin mintuna ma ba kwanaki ba, balle wadda aka niƙa a wata ƙasa aka yi watanni ana yawo da ita. Ka tara kuɗi ka sayi maniƙa ta hannu mai haƙoran ƙarfe da ake saita laushinta daki-daki, ba ta buƙatar wuta, giram 14 cikin minti ɗaya ka gama. Bilenda ba ta yi don wuƙa ce ke sara, wani ya zama ƙura wani ya tsaya tsaki-tsaki. Injin niƙan bakin kasuwa kuwa kar ma ka fara, duk abin da aka niƙa kafin kai, barkono ne ko citta ko daddawa, sai ka sha shi a kofinka. Laushin da ake nema in ka murza a yatsa ya ɗan fi garin tuwo gautsi kaɗan, kana jin ƴan ƙwayoyi amma in ka matse yana ɗan dunƙulewa.

Kafin maniƙa ta samu ga abin da zaka yi daga gobe. Kunna injin ya yi kamar minti 10 da ludayin a ɗaure a jikinsa, sannan ka saki ruwa ya bi ta ludayin babu gari ya zuba a kofin da zaka sha, kaga ƙarfen ya yi zafi kofin ma ya yi zafi. Ruwan esfireso digiri 90 zuwa 96 ake so, in ya haɗu da sanyin ƙarfe nan take zai sauka, musamman da asubar hunturu. Sai ka goge kwandon ya bushe ƙarau, ka zuba gari, ka ɗan motsa shi da allura ko tsinken sakace don dunƙulen su warware, ka daidaita samansa sannan ka danna a miƙe. Ba ƙarfi ake nema ba, daidaito ake nema, in gefe ɗaya ya fi tudu ruwa ta gefen da ya fi sauƙi zai bi ya bar sauran. Kuma ka tsayar da shi a giram 30 ko da sakan bai kai ba.

Nescafé kuwa a'a. Ita dafaffiyar gahawa ce aka busar, tana haɗuwa da ruwa narkewa za ta yi ta zama danƙo ta toshe maka ƙofar nan ɗaya da kake da ita.

Injiniya_Gumel:

Yaya Sale ya gama da ɓangaren gari, bari in sa baki a na wuta tunda shine sana'ata, sola nake haɗawa a ƙauyukan Gumel da Maigatari.

Gurnanin da kake ji bayan magariba lo karan ne Malam. Famfon ƙananan injinan nan ba mota ba ce mai juyawa, naɗin waya ne da ɗan ƙarfe da sifirin, wutar ce ke fizgo ƙarfen sifirin ya mayar da shi sau 50 a sakan ɗaya, in wuta ta yi ƙasa fizgar ta yi rauni. Hitar ma haka, kuma ita abin ya fi taɓa ta, in wuta ta sauko daga 230 zuwa 170 zafin da take bayarwa kusan rabi yake komawa, shi yasa kake samun ruwa ɗumi-ɗumi. Ka samu mita ka auna soket ɗinka da safe da kuma magariba zaka ga bambancin da idonka. Sitabilaiza zata taimaka amma kar ka sa ƴar 1000 ta talabijin, nemi mai 2000 ko ma 3000 don in wuta ta faɗi sosai ba sa ba da abin da aka rubuta a jikinsu.

Ƙaramin janareto irin wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai ko wat 1000 bai kai ba, baya ɗaukar 1100, zai shaƙe ko ya ƙone koyil. Sai irin mai 2.5kVA zuwa sama. In sola ce kuma a nan mutane ke ruɗewa, injin baya shan batir da yawa don in ka haɗa duk lokacin da hitar ke ci bai fi minti 5 ba, ko kashi ɗaya cikin goma na yunit bai cika ba, amma a cikin mintunan nan jan da yake yi mai nauyi ne, a batir 12V kusan am 100 ne, a 24V rabin haka. Don haka inbata 1kVA mai batir ɗaya ƙara zata yi ta mutu, ana son 2kVA ko sama mai 24V kuma fiyo sayin, wato mai ba da wuta lumui irin ta NEPA, da wayoyin batir masu kauri. Don Allah kuma ka tabbata soket ɗin na da at, wato wayar da ke sauke wuta ƙasa, jikin injin ƙarfe ne ga ruwa ga jiƙaƙƙen hannu.

Masu karantawa da ke shirin sayen gwanjo ku duba ƙasan injin tun a kasuwa, in kun ga 110V ko 120V kayan Amurka ne, kuna sa shi a wutarmu zai ƙone.

Sai ruwa. Leƙa cikin butar da kuke dafa ruwan burtsatsen nan, in akwai farin ɓawo manne a gindinta toh irinsa ne ke taruwa a bututun injin, kuma bututun sirara ne ƙwarai. Tunda ɗan gwanjo ne ma ba mamaki ya zo da nasa. Ka nemi sitirik asid wajen masu sayar da kayan haɗa lemo da kek, babban cokali ɗaya zuwa biyu a lita ɗaya, ka zuba a tankin ka saki rabi ta ludayin da ta bututun tururi, ka kashe ya huta minti 15, ka saki sauran, sannan ka ɗauraye da tanki biyu na ruwa zalla. Bayan nan ka koma fiya wata mai kyau ko ruwan gora, ai ɗan kaɗan yake sha. Kar ka bar famfon ya yi aiki tanki ba ruwa, kuma ka ɗinka masa riga ta yadi saboda ƙura.

Maman_Ummi_Kazaure:

Sannunku da ƙoƙari. Ɗana Ɗan Ringim, duk abin da suka faɗa daidai ne amma babu wanda ya faɗa maka inda zaka samu ƙwayar, kuma maniƙa ba ƙwaya ai ado ce kawai.

Na zauna a Jidda shekaru da dama, maƙwabtana matan Habasha ne kuma a wajensu na koyi suya, su ba sa sayen soyayya sam, ɗanya suke saye su soya a gaban baƙo. Da farko kar ka sa gahawar da alhazai ke kawowa tsaraba a injin, ita suyarta sama-sama ce launinta ko ƙasa-ƙasa bai kai ba, ga hel, wani kayan ƙamshi nasu, a ciki, an yi ta ne don a tafasa a buta a sha da dabino, a injinka tsami zalla za ta ba ka.

Mu ma muna da gahawa a ƙasar nan. A tsaunin Mambila, wajen Gembu a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, ana noman arabika saboda tudu ne mai sanyi, a kudu kuma akwai robusta wadda ta fi ɗaci ta fi kumfa kuma sinadarin hana barcinta ya kusa ninka na arabika. In kana da direba ko ɗan kasuwa mai bin hanyar Jalingo ka ba shi saƙon ɗanya. Amfanin ɗanya shine tana iya shekara a wuri busasshe ba ta yi komai ba, soyayya kuwa bayan wata ɗaya ta fara sanyi, balle a zafin bazararmu.

Ka tsince ta tukuna, ka fitar da tsakuwa da baƙaƙe da waɗanda ƙwaro ya huda, tsakuwa ɗaya ta isa ta karya haƙoran maniƙa. Ka ware kasko sabo wanda mai bai taɓa shiga ba, garwashi matsakaici, ka zuba kamar cikin tafi biyu kar ka cika, kuma hannunka kar ya tsaya da juyawa ko kaɗan. Za ta tashi daga kore ta koma ɗorawa, ƙamshi kamar na ciyawa ya juye na gasa burodi, sai ta yi ƙasa-ƙasa, wajen minti 10 zaka ji ta fara ƙas ƙas da ƙarfi. Kar ka sauke a nan, ka rage wuta ka ƙara minti biyu ko uku. In ka ji wata ƙarar ta biyu ƙanana-ƙanana da sauri, hayaƙi ya ƙaru, maiƙo ya fara fitowa a jikinta, toh sauke maza, gaba kaɗan gawayi ne. Juye a faifai ka bakace a iska, ɓawon ya tashi ita kuma ta huce da wuri. A waje ake yi ba a ɗaki ba. Kilo ɗaya zai dawo maka kamar giram 850. Ka sa a kwalba mai murfi ka bar ta kwana 4 zuwa mako guda kafin ta shiga inji, in ka sa a ranar iska ta yi mata yawa kumfa ce kawai za ta cika kofin.

Inda na ɗan saɓa da Sale shine maganar jiran maniƙa. In kwandonka mai ƙofa ɗaya ne, ƙaramin turmin ƙarfe da rariya mai laushi sun wadatar, ka daka ka tankaɗe ka mayar da tsakin ka sake dakawa. Sabuwar suya da aka daka yanzu ta fi garin fakiti nesa ba kusa ba. In maniƙar ta zo kuma lokacin hunturu ne zaka ga gari na mannewa a jikinta yana tashi, ka jiƙa bakin cokali da ɗigon ruwa ɗaya ka juya ƙwayar da shi kafin ka niƙa.

Ɗan_Ringim:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yaya Sale na ɗaga kwandon a rana ƙofa ɗaya ce kamar yadda kace, na sa ruler na ɗalibai kuma bakinsa 51 ne. Yau da safe na ɗumama shi na tsayar da wuri, tsamin na nan amma zafi da kauri sun ƙaru sosai. Injiniya butarmu kam fari fat take a ciki, zan sa a taho min da sitirik ɗin daga Kano. Mama na gode, akwai mai kai kaya Jalingo a garinmu zan yi masa magana.

Ni ma bari in ƙara abu ɗaya daga ɓangarena, babban mutum mai lafiya kar ya wuce miligiram 400 na sinadarin hana barci, wato caffeine, a rana, mai juna biyu 200, kuma kwandon mutum biyu ɗin nan yana iya haura 100 shi kaɗai, mai hawan jini ko bugun zuciya ya tuntuɓi likitansa.

Tambaya ta ƙarshe, in yi odar kwando mai huji da yawa yanzu? Kuma uwargida tana son mai madara, bututun tururin zai yi da madarar shanun da Fulani ke kawo mana da safe?

Sale_Bichi:

Mama ta yi gaskiya kan turmi, da kwandon da kake da shi zai yi. Amma kwando mai huji da yawa kar ka saya sai maniƙa ta zo, shi baya rufa wa niƙa asiri, da garin turmi ruwa zai yi ta tsartuwa ta ko'ina. Ranar da zaka saya ka auna zurfin naka da faɗin leɓensa don ba duk mai 51 ke zama a kowane ludayi ba.

Madarar shanu tana yi sosai in dai sabuwar tatsa ce ba wadda ta fara juyawa ba, nono ko kindirmo tsinkewa za su yi. A tace ta a tafasa saboda lafiya, kai ka fi ni sanin wannan, sannan a bar ta ta yi sanyi sosai, a randa ko firji, don mai sanyi ta fi ba ka lokacin aiki. In babu, madarar gari mai maiƙo da aka dama da ruwan sanyi ma tana kumfa. Zuba a ƙaramin kofin silba kar ta wuce rabi, fara buɗe tururin a banza ruwan da ya kwanta a bututun ya fita, sai ka sa bakin bututun dab da saman madarar kaji tana ɗan tsss na ƴan sakanni, sannan ka nutsa shi kaɗan a gefe ta riƙa juyawa. Tafin hannunka na jikin kofin, da zarar zafin ya kai yadda baza ka iya riƙewa ba ka kashe, wajen digiri 60 zuwa 65 kenan, in ta wuce zaƙinta ya tafi. Goge bututun nan take da jiƙaƙƙen tsumma ka sake busa tururi kaɗan kar madara ta bushe a ciki. Gahawar zaka fara haɗawa kafin madara, kuma bayan tururi ka saki ruwa ta sama har ya daina tofar da huci ya dawo zuba sosai kafin ka sa wani garin, in ba haka ba na biyun ƙonewa zai yi.